Na Koma Aiki Bayan Rainon Yara Uku

Ni akanta ce. Akwai shekarun da idan aka tambaye ni sana'ata sai in yi jim, in rasa ko zan ce "akanta ce ni" ko kuwa "da can dai na yi aikin akanta". Na ajiye aiki a 2014 ina da yara biyu, na ukun ya zo daga baya, ban koma ba sai 2022. Ina ba da labarin nan ne saboda matan da ke zaune yanzu da satifiket a ƙasan akwati, suna tunanin ko ƙofa ta riga ta rufe musu. Ba ta rufe ba. Amma ba zan yi musu daɗin baki ba, komawar tana da tsada, kuma inda na fi zaton zan sha wuya ba nan na sha ta ba.

Ba rana ɗaya na yanke shawarar barin aiki ba. A haihuwar fari na yi hutuna na koma, na daure. A ta biyu ne abin ya fi ƙarfina. Hutu ya ƙare jaririn ko zama bai fara ba, nono kaɗai yake sha, ga yayarsa ba ta cika shekara uku ba. Duk wadda ta bi ta wannan hanya ta san akwai tazara tsakanin abin da likita ke faɗa da abin da dokar aiki ke bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata shida, wato kusan mako 26. Ita kuwa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000, mako 14 ta ajiye a matsayin mafi ƙarancin hutun haihuwa, shawarar da ke tafe da ita ta ce a yi ƙoƙari a kai 18. Yarjejeniyar ta kuma ce a ba mai shayarwa lokacin shayarwa a cikin sa'o'in aiki, a biya ta kuɗinsa kamar ta yi aiki. Wannan a takarda ke nan. A ofis kuwa, ma'anarsa ki nemi ɗakin da babu kowa ki tatsi nono ido na kan ƙofa, waya na ruri a jaka, ana nemanki a ɗakin taro.

Wani dare ni da maigida muka zauna da biro da takarda. Na rubuta albashina a sama, a ƙarƙashinsa na jera kuɗin mai raino, kuɗin mota zuwa da dawowa, da 'yan kashe-kashen da fitar kullum ke jawowa. Na ja layi na ɗebe. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ya duba takardar ya ce, "Yanzu duk wahalar nan da kike sha a kan wannan ne?" Ba da wata manufa ya faɗa ba, shi ma ya gaji da ganina ina gyangyaɗi a zaune da yaro a cinya. Ni ma da na kalli adadin sai na ji an sauke mini wani nauyi. Cikin makon na miƙa takardar ajiye aiki. Na ce wa raina shekara biyu ce kawai, da an yaye shi zan koma. Kafin shekara biyun ta cika na samu cikin auta.

Shekarun gida ba zan ja su da tsawo ba, kuma ba na cikin masu kiran su asara. Da hannuna na raini 'ya'yana. Na san kukan yunwa na san na rigima, na san zazzaɓin da za a jira gari ya waye da wanda za a saɓi yaro a nufi asibiti a daren. Wanda ya ce matar da ke gida da ƙananan yara uku ba ta aikin komai, a bar masa su yini guda a ga yadda zai kwana. Sai dai akwai abubuwan da suka riƙa zubewa sannu a hankali ba a ji ƙararsu ba. Abokan aiki suka rage kira, ni ma na rage, don in mun yi waya hirar ba ta wuce gaisuwa. Rajistata da ƙungiyar akantoci ta faɗi, saboda irin waɗannan ƙungiyoyi sai an biya kuɗin shekara, an kuma nuna sa'o'in ƙarin ilimin da aka yi. Sai batun kuɗi. Maigidana bai taɓa hana ni ba, amma macen da ta saba albashi na shigo mata duk wata, ranar da za ta buɗi baki ta nemi abin da za ta yi wa mahaifiyarta hidima, ita kaɗai ta san abin da ke tokare mata maƙogwaro.

Annobar korona ce ta tayar da maganar. A 2020 an zaftare wa maigida albashi na tsawon watanni, kullum muna sauraron ko sunansa zai fito cikin waɗanda za a sallama. Allah ya kiyaye, ba a sallame shi ba. Amma a watannin nan na ga mutum biyar rataye da aikin mutum ɗaya, na tabbatar hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai na ɗauko takarda na sake lissafin nan, wannan karon yadda zan yi wa kamfani, ba yadda gajiyayyiyar mai jego za ta yi da tsakar dare ba.

Ɗebewar farko daidai take, layukan ne ba su cika ba. Kuma irinsa nake jin mata da mazajensu suna yi har gobe. Ana cire kuɗin raino daga albashin mace kaɗai, sai ka ce ita kaɗai ta haifi yaran. Da daga kuɗin shigar gidan gaba ɗaya aka cire, da ba wanda zai ce aikin wance bai da amfani. Sa'an nan kuɗin raino abu ne mai wucewa, shekara uku zuwa huɗu yaro ya shiga makaranta, ya ragu. Albashi kuwa hawa yake yi, kowane ƙarin girma a kan na baya yake ɗoruwa, don haka wadda ta fita ba albashin bana kaɗai ta bari ba, har da duk ƙarin da zai biyo bayansa. Layin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na fansho. A tsarin da ma'aikaci ke zuba wani kaso, mai ba da aiki ya zuba nasa, kuɗin da aka zuba kina 'yar talatin ya fi wanda za a zuba kina 'yar hamsin daraja nesa ba kusa ba, domin ya fi daɗewa yana haifar riba, ribar ma tana haifar tata. Shekarun da asusuna ya zauna ba a sa masa ko anini ba su ne mafiya tsada, kuma ba a rama su sai dai a rage ɓarna.

Ba na cewa da mun ga waɗannan layukan a 2014 da ban ajiye aikin ba. Mai yiwuwa da na ajiye, don a gajiye nake matuƙa, kuma ina son zama da yarana. Amma da mun san ainihin farashin abin da muke saye, da mun yi tanadinsa, ko da zuba wani abu a asusun fanshona ne daga kuɗin gida.

Maigida bai yi gardama ba da na nuna masa takardar. Mahaifiyarsa ce ta kira ni gefe ta ce, "'Yar nan, faɗa mini gaskiya, me aka rage ki da shi?" Na ce, "Wallahi Umma, ba a rage ni da komai ba. Ilimin ne nake jin nauyin in bar shi ya mutu a akwati, kuma yau da gobe sai Allah." Ta yi shiru, can ta ce, "To yaran fa?" Na ce ai da ubansu. Ta yi dariya har da tafa hannu. Dariyar nan ba ta raini ba ce, ita dai a iya saninta maganar ba ta taɓa yiwuwa ba.

Neman aikin ya ɗauki watanni, kuma mafi yawansa shiru ne. Ki tura takarda, ko amsar "mun gani" ba za a turo miki ba. Shirun nan ya fi a ce miki a'a cin rai, don ba ki san abin da za ki gyara ba. Da abin ya ishe ni sai na nemi wata tsohuwar shugabata wadda ta koya mini aiki ina sabuwar shiga. Na ji nauyin kiranta bayan shekaru ba gaisuwa, amma tana jin muryata ta gane ni. Ta karɓi takardar CV ɗina ta duba, ta ga yadda na yi ta kewaye-kewaye don kada giɓin shekarun ya fito, ta ce, "Ke dai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai ɗaukar aiki ya iya ƙirga. Rubuta layi ɗaya: daga shekara kaza zuwa kaza, rainon yara. Ba ban haƙuri, ba dogon bayani. A ƙarƙashinsa ki sa abin da kika yi bana." Na ce, "Anti, ai ban yi komai ba bana." Ta ce, "To sai ki je ki yi, sa'an nan ki dawo." Na sabunta rajistata, na yi kwas ta intanet da dare bayan yara sun kwanta, na kuma karɓi littafin ƙaramar sana'ar wata 'yar'uwata na daidaita mata shi, don in samu aikin kwanan nan da zan iya nunawa.

Tsoron da ya sa na so ɓoye giɓin ba na banza ba ne. A 2007 Shelley Correll da abokan aikinta sun wallafa wani bincike da suka yi a Amurka. Sun tura wa kamfanoni takardun neman aiki masu ƙwarewa iri ɗaya, bambancin kawai wasu suna ɗauke da alamar cewa mai neman tana da 'ya'ya, kamar riƙe muƙami a ƙungiyar iyaye da malamai. Matan da ba a nuna suna da 'ya'ya ba an kira su ninki biyu na yadda aka kira iyaye mata. Maza kuwa, zama uba bai rage musu komai ba. Ana ɗan samun sauyi, ba zan musa ba. Tun 2008 bankin Goldman Sachs ya ɓullo da shirin ɗaukar waɗanda suka daɗe ba sa aiki na 'yan watanni, a biya su, a sake horar da su, wasu manyan kamfanoni suka kwaikwaya. A 2022 LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ya ƙara gurbin da mutum zai rubuta hutun da ya yi daga aiki da dalilinsa, har da rainon yara. Amma yawancinmu ba ta irin waɗannan ƙofofi muke shiga ba. Ni ta bakin tsohuwar shugabar nan na shiga, ita ta ambaci sunana a inda ake neman mutum.

Ranar intabiyu mutum uku ne a bayan tebur, maza biyu da mace ɗaya. Na tsakiyan ya ɗago takardata ya ce, "Hajiya, mun ga tun 2014 rabonki da ofis." Na ce, "Haka ne, yallaɓai. Yarana uku na raina, autan ya shiga makaranta. Rajistata tana nan daram, ga kuma kwas ɗin da na gama." Ya gyaɗa kai ya wuce, abin da na kwana ina tsoro bai ɗauki minti guda ba. Tambayar da ta biyo baya ce mai ƙaya. Ya ce, "Kin san ƙarshen wata a nan ba a tashi da wuri. Idan yaro ya kwanta rashin lafiya ranar rufe littafi fa?" Na ce, "Mahaifinsa zai kai shi asibiti." Aka yi tsit. Matar ta sunkuyar da kai tana murmushi ta rubuta wani abu. Ban taɓa jin namijin da aka yi wa wannan tambayar ba, ko da 'ya'yansa goma ne. Amsar tawa kuma a lokacin alkawari ce kawai tsakanina da maigida, ba a gwada ta ba tukuna.

Abin da na fi tsoro kafin in fara shi ne a ga ban iya aiki ba. Kuma da gaske abubuwa sun sauya. Ƙa'idojin lissafi na duniya sun motsa ina gida: IFRS 9 da IFRS 15 sun fara aiki a 2018, IFRS 16 kuma a farkon 2019. Lokacin da na bari, kamfanin da ya kama hayar gini yakan rubuta kuɗin hayar ne kawai cikin kashe-kashensa. Da na dawo na tarar mafi yawan irin wannan hayar sai an nuna ta a takardar kadara da bashi, haƙƙin amfani da ginin a gefe guda, bashin hayar a ɗaya gefen. Littattafan da na sani a kwamfutar ofis sun koma kan intanet, taro ya koma Zoom da Teams, inda sai an tuna miki ki buɗe makirufo. A makon farko ina haɗa wasu alƙaluma a manhajar Excel da VLOOKUP, wato tsohuwar dabarar nemo adadi a cikin jadawali, ina ƙirga ginshiƙai da bakin biro a jikin allo, sai wani matashi da ke teburin kusa da ni ya leƙo ya ce, "Anti, ai yanzu ba a ƙirgawa." Ya jawo kujerarsa ya nuna mini XLOOKUP, sabuwar dabarar da ba sai an ƙirga ginshiƙai ba. Kunya ta kama ni har kunnena ya yi zafi, amma na ce ya maimaita, na rubuta a littafina.

Ba a yi wata guda ba sai ga shi ya dafe kai, lissafin banki ya ƙi daidaita da namu, ya bi layi-layi bai ga inda matsalar take ba. Na tambaye shi nawa ne bambancin. Ya faɗa. Na ce ya raba da tara. Ya raba, ya tafi daidai ba saura. Na ce to ya nemi inda aka juya lamba, wani ya buga 36 a maimakon 63 ko makamancin haka, don duk inda aka musanya lambobi biyu bambancin yana rabuwa da tara. Minti kaɗan ya gano wurin. Daga ranar muka zama malaman juna. Ilimin sana'a kamar wuƙar da ta daɗe a ajiye ne, tsatsa take yi ba mutuwa ba, wasawa kawai take so. Cikin 'yan watanni na daina jin ni baƙuwa ce.

Matsayi da albashi su ne ba su dawo cikin 'yan watanni ba. Na koma a ƙasa da inda na bari, shugabana kuma sa'an ƙanena ne, waɗanda muka fara tare suna jagorantar sassa. Na haɗiye, amma ba zan ce bai yi ɗaci ba. Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Henrik Kleven da abokan bincikensa sun bi bayanan ma'aikata a Denmak, ƙasar da ake misali da ita wajen hutun haihuwa da gidajen raino, suka ga kuɗin shigar mace da na namiji suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har zuwa haihuwar fari, daga nan nata ya faɗi, kuma ko bayan shekaru yana nan ƙasa da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa mafi yawan tazarar albashin da ta rage a yau tsakanin mace da namiji masu sana'a iri ɗaya take, kuma da zuwan ɗan fari take buɗewa. In a Denmak haka ne, ina ga sauran wurare?

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan gida. A nan aka yi ainihin gwagwarmayar. Shekara takwas gidan ya ginu a kan cewa akwai mutum ɗaya da ta san komai: inda katin asibiti yake, ranar da za a biya kuɗin makaranta, wanda takalminsa ya matse, wanda ba ya shiri da malaminsa. Na fara fita aiki, amma ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya sauka daga kaina. Maigida mutumin kirki ne, duk abin da na ce ya yi zai yi. To amma tunawa, da tsarawa, da faɗa masa, da bin sawu a ga ko an yi, shi ma aiki ne cikakke, kuma ina yin sa ne a kan teburin ofis ta waya. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ce mata ke yin kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da gida da iyali da ba a biya, fiye da ninki uku na maza, kuma mata miliyan 606 ne ba sa cikin masu aikin albashi saboda wannan hidima, maza kuwa miliyan 41. Ni ban buƙaci rahoto ba, a jikina na karanta. Wata na biyu da farawa na rame, ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ranar gwaji ta zo kamar yadda mai intabiyu ya faɗa, ranar rufe littafi. Makaranta ta kira ni, na tsakiyan yana amai, jikinsa ya yi zafi. A fom ɗin makarantar lambar mahaifinsa ce a sama, mu muka sa ta da gangan, amma ni aka kira. Na ce, "Malama, don Allah kira babansa, yana sane." Na ajiye waya na zauna hannuna na rawa, jikina duk ya ba ni in ɗauki jaka in fita. Ban fita ba. Shi ya bar ofishinsa ya je. Ya kira ni yana tambayar ina kati, ya sake kira likita na tambayar wane magani ne ba ya karɓar yaron. Na amsa ina kallon alƙaluma ba na ganin su. Da na dawo da dare na tarar yaron yana barci a ƙirjinsa, an ba shi magani a kan lokaci, an rubuta sa'o'in a jikin kwalin.

Bayan wannan muka zauna muka raba gidan sashe-sashe, ba aiki-aiki ba. Makaranta gaba ɗayanta tasa ce: kuɗi, yunifom, aikin gida, taron iyaye, har lambar malamai. Ba na tuna masa, ba ya tambaya ta. Sharaɗi mafi wuya a kaina ya faɗa, wato in daina bin bayansa ina gyarawa. Akwai safiyar da na ga auta ya fito da kayan wasanni a ranar da ba ta wasanni ba. Na buɗi baki na rufe. Ya je, aka yi masa dariya, ya dawo ya kai ƙara wurin babansa, ba wurina ba. Tun daga nan jadawalin yana manne a bayan ƙofa, da rubutun maigida. Mata da yawa muna kukan ba a taya mu, amma ba ma iya sakin igiyar, don shekaru ke nan iya gida shi ne kaɗai abin da ake yaba mana da shi. Sakin yana da ciwo.

Akwai mutum biyu da na sa wa ido musamman. Ta farko babbar 'yata. Tana kusan sha ɗaya lokacin, mai hankali ce, kuma abu mafi sauƙi shi ne a wayi gari ta zama uwa ta biyu, ita ce shirya ƙanne, ita ce lallashi, ƙannenta maza suna wasa. Na ƙi. Kowa da aikinsa gwargwadon shekarunsa, maza da mace. Ta biyu matar da ke zuwa riƙe mana gidan da rana. Fitata a kan aikinta ta tsaya, ita ma kuma uwa ce da ta bar nata 'ya'yan ta zo. Ranar da albashina ya shigo nata ke fara fita, hutunta kuma ba na taɓa shi. Ba zan yi kukan an raina aikin raino ba sa'an nan in raina shi a cikin gidana.

Auta ya yi makonni yana riƙe mini zane a bakin ƙofa, ni kuma in ƙarasa kukan a mota. Ya wuce. Ba zan ce ya wuce gaba ɗaya ba, akwai taron makarantar da na rasa da har yanzu yake ci mini rai. Akwai kuma masu cewa raino ya koya wa mace shugabanci, ta rubuta shi a CV a matsayin ƙwarewa. Ni ban cika yarda da wannan kwalliyar ba. Raino ya koya mini haƙuri, ya koya mini gama aiki cikin ɗan lokacin da na samu, amma ba shi zai koya mini IFRS 16 ba, kuma ba ya buƙatar a sa masa rigar ofis kafin a girmama shi. Ƙawayena da suka zaɓi ci gaba da zama a gida ba su fi ni son 'ya'ya ba, ni ma ban fi su wayewa ba. Abin da kawai nake tambayarsu shi ne ko akwai wani abu da ake ajiyewa da sunansu.

Kwanan nan aka kira ni aka ce ana so in riƙe sashenmu. Ƙarin girma ne na gaske, da albashinsa, amma akwai zagayen rassa da kwana a waje, kuma waya ba ta mutuwa. Irin aikin da Goldin ta yi bayani ke nan, wanda ke biyan lada mai tsoka ga wanda ake samu kowane lokaci, shi ya sa a gida mai yara dole ɗaya ya zama na jiran kiran makaranta, kuma kusan kullum macen ce. Na kai wa maigida maganar. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce shi ma akwai muƙamin da yake hange, amma zai tambayi shugabansa ko za a bar shi ya riƙa aiki daga gida a makon ƙarshen wata. Ba a ba shi amsa ba tukuna. Ni kuma na ce wa manaja a rubuta mini a takarda kwana nawa ne na tafiya a wata, da wanda zai riƙe ofis in ba na nan, kafin in ce e ko a'a.